Salansa: nauyin da ake cirewa da jin da ake rasawa, daga bakin bindiga zuwa fadamar Haɗeja

Da zarar ruwan ambaliya ya janye daga fadamar kogin Haɗeja, sanyin hunturu ya fara shigowa, sai wata ƙara ta mamaye ƙasar tun daga Auyo har Kiri Kasamma da Guri. Ƙarar injin ban-ruwa ce. Da shi ake shayar da alkama da shinkafa da tattasai da albasa, kuma a gonaki da dama matasa ne ke ɗaukarsa a kafaɗa ko a bayan babur, su kai shi bakin ruwa da safe, su dawo da shi gida da yamma don gudun ɓarayi.

A jikin kowane inji akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da ya yi baƙi saboda zafi, wanda hayaƙi ke fita ta cikinsa. Wannan ita ce salansa. Ita ce aka fi rainawa a duk kayan inji. Idan ta yi tsatsa ta faɗi, ba a cika gaggawar mayar da ita ba. Wani ya huda ta wai don inji ya samu numfashi, wani ya kwance ta gaba ɗaya wai ta yi nauyi. Tambayar da masu tsofaffin salansar bindiga ke yi a Amurka da Turai kusan ita ce wannan: za a iya rage wa tsohon ƙarfen nan nauyi ya ci gaba da aikinsa? Amsar injiniyoyi a duka wuraren biyu iri ɗaya ce, domin na'urorin biyu tushensu ɗaya.

Uba ya ƙera mai ƙara, ɗa ya ƙera mai kashe ta

A 1884 wani Ba'amurke mazaunin Landan, Hiram Stevens Maxim, ya ƙera bindiga mai sarrafa kanta da aka sa wa sunansa. Ƙasar Hausa ta san wannan bindiga sani na baƙin ciki, don da ita sojojin Ingila suka zo Kano da Sakkwato a 1903. Haɗeja ba ta faɗa hannunsu ba sai a watan Afrilun 1906, a yaƙin da Sarki Muhammadu ya rasa ransa, abin da ya sa har yau ake kiransa Mai Shahada. Shi kuwa Maxim, shekarun da ya kwashe yana gwajin bindigogi sun cinye masa ji, ya ƙare rayuwarsa kusan kurma.

Ɗansa, Hiram Percy Maxim, wanda ya yi karatun injiniya a MIT, ya yi aiki a harkar motoci. Shi ne ya samu takardar mallakar fasahar salansar bindiga a watan Maris na 1909, ya riƙa sayar da ita daga garin Hartford. Daga baya kamfaninsa ya karkata ga ƙera salansar manyan injuna na masana'antu da jiragen ruwa. Wato salansar da ke jikin babur da janareta da injin ban-ruwa 'yar'uwa ce ga ta bindiga.

Yadda take aiki

A cikin bindiga albarushi ne ke ƙonewa, a cikin inji kuma fetur. Duka biyun suna haifar da iska mai tsananin zafi da matsi. Idan wannan iska ta fito waje a tashi ɗaya, sai ta daki iskar sarari, kunne ya ji dukan a matsayin ƙara. Kamar balan-balan ce: a soke ta da allura ta fashe da ƙarfi, a kwance bakinta a hankali ta sace shiru.

Aikin salansa shi ne ta hana iskar fita a tashi ɗaya. A cikinta akwai ƙananan ɗakuna da shamaki tsakaninsu. Iskar na shiga ɗaki na farko ta buɗe, ta rage matsi, ta bar wani zafin a jikin ƙarfe, ta wuce na gaba. Kafin ta kai waje ta gaji. A salansar inji har da wata dabara ta daban: ana tsara girman ɗakunan ta yadda amon da ya dawo baya zai ci karo da mai zuwa, su kashe juna. Kusan irin abin da iyafis masu kashe hayaniya ke yi ke nan, sai dai su da makirufo da lantarki suke yi, ita kuwa da ƙarfe zalla.

Injin ban-ruwa irin na Honda GX160 da ire-irensa na China yana juyawa kusan sau 3,600 a minti ɗaya. Da yake sai ya yi juyi biyu yake kunna wuta sau ɗaya, fashewa 1,800 ke nan a minti, wato 30 a kowace daƙiƙa. Ban-ruwan awa shida ya haura fashewa dubu 600. Duk wannan ɗan akwatin ne ke tare su.

Abin da finafinai ba su faɗa ba

A fim, bindiga mai salansa takan yi ɗan tsaki kawai, wanda ke ɗaki na gaba ma bai ji ba. Wannan ƙirƙira ce. Harbin bindiga yana kaiwa desibel 140 zuwa 170, salansa kuma tana rage kamar 20 zuwa 35. Abin da ya rage yakan kasance a wajen 130 ko sama, wanda ya fi ƙarar injin niƙa nesa ba kusa ba. Bayan haka, harsashin da ya fi amo gudu, wato ya wuce mita 343 a daƙiƙa, yana yin tasa ƙarar a cikin iska, salansa ba ta da iko a kanta. Shi ya sa a ƙasashe irin su Finland da Norway da New Zealand mafarauta ke kallonta a matsayin kayan kare kunne, ba kayan ɓoye laifi ba.

Me ya sa tsofaffin suke da nauyi

Tsofaffin salansar manyan bindigogi da ƙarfe mai kauri aka yi su, wasu sun wuce rabin kilo. Rabin kilo ba komai ba ne a tafin hannu, amma a ɗaura shi a ƙarshen doguwar gora a miƙe hannu da ita na minti biyar, za a gane bambanci. Daga nan sha'awar rage nauyi ke tasowa.

Matsalar ita ce ba don ado aka zuba ƙarfen ba. Ayyuka uku yake yi. Yana riƙe matsi, wanda a bakin babbar bindiga ya ninka na tayar mota fiye da sau ɗari. Yana shanye zafi, kamar yadda tukunya mai kauri ke jure wutar da za ta ƙona siririya. Kuma yana riƙe komai a kan layi, domin idan wani sashe ya karkace ko kaɗan, harsashi zai iya dukansa, ƙarfe ya tarwatse a kusa da fuskar mai harbi. Duk giram ɗin da aka kankare, daga ɗaya daga cikin ukun nan aka ɗebe shi. Garin neman gira a rasa ido.

Sauƙin nauyin da ake gani a sababbi ya zo ne ta wata hanya daban, wato sauya kayan ƙira tun daga tushe. Curin baƙin ƙarfe mai girman lita ɗaya yana da nauyin kilo 7.8. Na taitaniyam kilo 4.5 ne, na alminiyam kuma 2.7. Amma kowanne da tsadarsa. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, kuma tun kafin nan ƙarfinsa ya fara gudu, don haka ba ya jure wuta mai tsanani. Taitaniyam yana da ƙarfi da rashin nauyi, sai dai yana da tsada da wuyar sarrafawa. Inconel, wanda ake sa wa injin jirgin sama, yana jure zafin da sauran ba sa jurewa, amma ya fi baƙin ƙarfen ma nauyi. A shekarun baya-bayan nan na'urorin ɗab'i na 3D masu narka garin ƙarfe da hasken lesa sun ba injiniyoyi damar sa kauri inda matsi ya fi yawa kawai, su bar sauran wuraren sirara. Da haka aka samu salansar taitaniyam da ba ta kai giram 350 ba. Lissafin kwamfuta da gwaji ne suka kawo wannan, ba zarto da injin huji ba.

Doka ma ta shigo ciki. A Amurka, tun dokar 1934 ake yi wa salansar bindiga rajista, kuma doka na ɗaukar kowane sashe nata a matsayin salansa cikakkiya, don haka mai ita ba ya sauya mata kayan ciki yadda ya ga dama, sai ya kai wa kamfani mai lasisi. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta haramta ƙera bindiga ko gyara ta ba tare da izinin hukuma ba. Bidiyon TikTok ko YouTube da ke nuna wani yana ƙera irin wannan abu a garejinsa ba zai zama hujja a gaban alƙali ba.

Komawa fadama

A ƙasar Haɗeja salansar da ta shafi rayuwar yau da gobe ita ce ta inji. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin ambaliyar kogin ya sauya, noman rani ya ƙara dogara da ban-ruwa. Shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa daga farkon shekarun 1990 ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injunan fetur a arewa. A watan Nuwamban 2023, a ƙauyen Kadume da ke Haɗeja aka ƙaddamar da noman alkama na rani na ƙasa baki ɗaya. Yawan gonaki, yawan injuna, yawan kunnuwan da ke tsaye kusa da su.

A ɗauki maganar nauyi tukuna. Injin ban-ruwa mai bakin inci uku yana kaiwa kilo 25 zuwa 30 ba tare da mai ba. Salansarsa da ƙyar ta kai kilo biyu. Wanda ya kwance ta bai rage wa kafaɗarsa wani abin kirki ba. Tankin da aka cika da lita uku na fetur da ragowar ruwan da ke cikin famfo sun fi ta nauyi. Mai son sauƙin ɗauka ya kwance ɗan murfin ƙasan famfo ya tsiyaye ruwan, ya riƙe fetur a jarka daban, ya nemi baro ko ya sa mai walda ya yi wa firam ɗin tayoyi biyu.

Sai maganar ƙarfi. Gaskiya ne wani lokaci inji kan farfaɗo idan aka cire masa salansa, amma dalilin ba shi ne wanda ake zato ba. Baƙin hayaƙi ne ya toshe ta, musamman idan man inji na tsallakawa yana ƙonewa ko fetur ɗin ba shi da kyau. Wasu injunan suna da 'yar raga a bakin salansa mai tare tartsatsi, ita ce ke fara toshewa. Littafin Honda ya ce a goge ta da burushi duk bayan awa 100 na aiki, bayan inji ya huce. Salansa mai tsabta ba ta cin ƙarfin da manomi zai lura da shi. Cire ta kuwa yana iya rikita ma'aunin iska da mai da aka saita kabureta a kai, inji ya riƙa ɗaukar zafi fiye da ƙima.

Ga kuma wuta. Hayaƙin da ke fitowa daga cikin inji yana da zafin ɗaruruwan digiri, wani lokaci da tartsatsi a ciki. A watan Maris, lokacin da alkama ta bushe, ciyawa ta zama ƙirmisisi, iska na kaɗawa, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye wahalar wata huɗu.

Lissafin desibel

Asarar da ta fi girma ba a ganinta. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, kusan dubu 15 a kowane kunne. Su ke mayar da amo saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa.

Ma'aunin desibel ba kamar na kilo ba ne. Ƙarin desibel 3 kacal yana nufin ƙarfin amon ya ninka biyu. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa iyaka kamar haka: desibel 85 na awa takwas a rana, 88 na awa huɗu, 91 na awa biyu, 94 na awa ɗaya, 100 kuma na minti 15. Ƙaramin injin fetur mai salansa yakan kai wajen 90 idan mutum na tsaye a jikinsa. Marar salansa yana iya haura 100. Ke nan yaron da ya zauna kusa da shi yana gadi ya cinye kasonsa na yini kafin ya gama shan shayi.

Alamun farko sanannu ne. Kunne ya riƙa ƙugi da dare bayan an dawo daga gona. Maganar mutane ta zama kamar daga cikin randa take fitowa. A kasuwar kifi ta Haɗeja ko wurin ɗaurin aure, mutum yana jin hayaniya amma ba ya rarrabe kalmomi. Sai ya ƙure sautin waya kafin ya gane saƙon murya na WhatsApp. Da farko ƙugin kan tafi da safe, shi ya sa ake raina shi. Wata rana sai ya ƙi tafiya.

Matashin manomi yana da ƙarin haɗari da mahaifinsa bai sani ba, wato iyafis. Idan inji na ruri a gefe, dole a ƙure sautin waƙa ko karatu kafin a ji, sai kunne ya sha duka biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti, ta kuma ba da ma'aunin desibel 80 na awa 40 a mako ga manya. Iyafis masu kashe hayaniya suna taimakawa wajen rage buƙatar ƙure sauti, amma ba a ƙera su don kare kunne daga inji ko harbi ba.

Waya a matsayin ma'auni

Wayar da ke aljihu za ta iya nuna girman matsalar. Masu iPhone suna da manhajar NIOSH Sound Level Meter kyauta, wadda aka gwada a ɗakin bincike. Masu Android za su samu irin su Decibel X a Play Store, sai dai a sani wayoyin Android makirufonsu ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka lambar Tecno ba lallai ta zo daidai da ta Samsung ba. Wayoyi da yawa kuma ba sa iya auna ƙarar da ta yi tsanani sosai, sai lambar ta tsaya wuri ɗaya. Ba a auna harbin bindiga da waya.

Duk da haka, waya ɗaya tana iya kwatanta abu biyu. A tsaya mita ɗaya daga inji, a riƙe wayar daidai kunne, kada yatsa ya rufe makirufo, a juya wa iska baya, a rubuta lambar. A matsa mita biyu, sannan huɗu, sannan takwas. A fili, duk ninka tazara sau biyu yana rage kusan desibel 6. Injin da ya nuna 97 a mita ɗaya zai sauko wajen 79 a mita takwas. A gwada injin maƙwabci mai salansa da wanda aka hude, da wayar nan ɗaya, a tazara ɗaya. Bambancin zai kashe gardamar majalisa.

Wanda ba shi da waya a hannu ma yana da gwaji: idan sai ya ɗaga murya kafin wanda ke nesa da shi da tsawon hannu ya ji, ƙarar wurin ta kai ta cutarwa.

Abin da ya fi araha

Tazara kyauta ce. A yi rumfar hutawa nesa da inji, a juya bakin salansa ya kalli inda ba kowa, kada a kwantar da yara ko a yi salla a jikinsa. Kada a jera injuna biyu wuri ɗaya in da hali, don na biyun yana ƙara desibel 3, ya raba lokacin aminci gida biyu. Salansar da ta tsage a kai wa mai walda, wadda tsatsa ta cinye a sayi sabuwa daidai da samfurin injin, kuɗinta bai kai na man ban-ruwan 'yan kwanaki ba. Abin toshe kunne na soso, irin na ma'aikatan masana'anta, yana rage desibel 20 ko fiye idan an murza shi an tura shi da kyau. Auduga ba ta yin wannan aiki. Shawarar nan ta shafi mai injin niƙa da mai casar shinkafa, da 'yan bindigar da ke harba albarushi a hawan salla, da masu hude salansar babur don rakiyar amarya. Janareta kuwa, da salansa ko babu, ba a kunna shi a cikin ɗaki ko shago rufe, don hayaƙinsa na kisa ba tare da wari ba.

Kamar yadda ya faru da salansar bindiga, sauƙi na gaske zai zo wa fadama ne daga sabuwar ƙira. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, manoma da dama sun koma haɗa injunansu da tukunyar gas, wasu kuma sun fara duba famfon sola. Gas yana rage kuɗi amma fashewar tana nan, salansa na nan da aikinta. Sola ce ba ta da fashewa sam, sai ɗan gurnanin mota mai lantarki. Ita ma da iyakarta: ƙaramin famfon sola na ɗauka-da-hannu yana ba da 'yan dubban lita a awa, alhali injin fetur mai inci uku yana zuba kusan lita 1,000 a minti ɗaya. Ya dace da lambun tattasai ko albasa, amma mai hekta biyu ta shinkafa sai ya tanadi farantai da yawa da kuɗi masu kauri. Don haka injin fetur zai daɗe a bakin kogin Haɗeja.

Wanda ya riga ya fara jin ƙugi yana iya sauke manhajar hearWHO da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, wadda ke gwada ji ta hanyar karanto lambobi a cikin hayaniya, cikin 'yan mintoci. Idan maki ya yi ƙasa, sai a nemi sashen kunne da hanci da maƙogwaro a babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Jin da ya tafi ba ya dawowa, amma wanda ya rage ana iya tsare shi, kuma tsaron yana farawa ne da mayar da salansa inda aka kwance ta.